Yadda za ka kama aiki a Home Depot ko Lowe's kuma ka daɗe a ciki

Duk wanda ya sauka Amurka da takardun aiki a hannu, ko a Bronx yake ko Greensboro ko Houston, ba a daɗewa wani zai ce masa ai Home Depot suna ɗaukar mutane, je ka gwada. Kuma gaskiya ne suna ɗauka, musamman daga Fabrairu zuwa Mayu lokacin da sanyi ya fara janyewa Turawa suka fito gyaran gida da lambu, nan ne kasuwarsu take ci sosai har ta fi ta Kirsimeti. Shiga ba wuya. Zaman ne sai wanda ya san kan abin, kuma abin da na lura yana kayar da mutanenmu ba nauyin kaya ba ne, kunya ce da kawaici, wato mutum ya yi shiru yana jiran manaja ya gane da kansa. Nan ba mai gane maka komai, abin da ba ka faɗa ba kuma ba ka rubuta ba toh babu shi.

Ga wanda bai taɓa shiga ba, ka ɗauka kasuwar Ƙofar Ruwa ce ta Kano ko Katako ta Yamai aka tattara ta ƙarƙashin rufi ɗaya, katako, siminti, fenti, kayan famfo, wayarin, tayil, ƙofofi, firij, har furanni. Home Depot an kafa shi a 1978, Bernie Marcus da Arthur Blank ne suka assasa, shagunan farko a Atlanta aka buɗe su a 1979, yanzu sun haura 2,300 a Amurka da Kanada da Meziko, ma'aikatansu sun fi 400,000. Su ne masu ɗaura afron mai ruwan lemo da sunan mutum rubuce da maka a ƙirji. Lowe's ya girme shi, tun 1921 aka kafa shi a jihar North Carolina, yana da shaguna wajen 1,700 a faɗin Amurka, su kuma falmaran ja suke sakawa. Tsarin aikin kusan ɗaya ne, don haka duk abin da zan faɗa ya shafi su biyun sai inda na ware.

Neman aikin ta intanet ake yi, a shafin kamfanin, ba a zuwa da takarda a hannu ana neman oga. Za ka cike, za su yi maka wasu tambayoyi na yadda za ka yi da kwastoma in ya fusata da makamantansu, sannan su tambaye ka ranaku da awannin da kake da sarari. Toh wannan wurin ne nake so ka nutsu, don nan ne mafi yawa suke yi wa kansu illa. Mutum saboda ɗokin a ɗauke shi sai ya danna cewa kowace rana kowane lokaci yana nan, alhali yana da Juma'a, yana da yaro da yake ɗaukowa daga makaranta ƙarfe 3, wataƙila ma motar bas ɗin unguwarsu ba ta fara tashi sai 6 shagon kuma masu buɗewa tun 5 suke shiga. Kwamfuta ce take tsara jadawali da abin da ka rubuta ɗin nan, ba ruwanta. Ka rubuta gaskiya tun farko, ka cire Juma'a daga 12 zuwa 3, amma ka bar musu Asabar da Lahadi a buɗe in za ka iya, don ƙarshen mako ne suke tsananin buƙatar mutum kuma yawancin abokan aikinka Lahadi suke gudu. Da wannan kaɗai ka samu abin ciniki a hannu.

In sun kira ka, ana iya binciken tarihinka, wani gurbin kuma har da gwajin ƙwaya. Ranar farko za ka cike fom ɗin I-9 wanda yake nuna kana da izinin aiki. Kai ne kake zaɓar takardar da za ka nuna daga jerin da ke jikin fom ɗin, ba su da ikon cewa lallai sai girin kad. Amma dan Allah ɗan'uwa ka kula da akwatin da kake dannawa, in ba ka zama ɗan ƙasa ba kada ka kuskura ka zaɓi na ɗan ƙasa ko da bisa rashin sani, wannan laifin yana iya rufe maka ƙofar takardu har abada. Wanda yake da bizar ziyara ko ɗalibin da ba a ba shi izinin aikin waje ba, wannan aikin ba nasa ba ne. Akwai kuma masu tsayawa a filin fakin da asuba suna jiran 'yan kwangila su ɗebe su aikin yini, su ba ma'aikatan shagon ba ne, kuma a 2025 jami'an shige da fice sun yi ta kai samame irin waɗannan filayen, na Los Angeles a watan Yuni shi ya fi tashe.

Sai maganar sashen da za ka nema. Sabon zuwa yawanci filin fakin ake jefa shi, tattara kura da loda wa mutane kaya a mota, ko kashiya, ko lambu. Filin fakin ba ya buƙatar Turanci mai yawa amma rana taka ce ƙanƙara ma taka ce, kuma duk wanda ya sayi siminti kai zai nema. Buhun nasu da aka fi saye fam 80 ne, wajen kilo 36, bai kai namu na kilo 50 ba, sai dai ka ɗaga guda 40 a jere ka ajiye a bayan akori-kura ka ji yadda ƙugu zai yi magana. Akwai masu sauke kaya da dare, ana rufe shago su kuma su fara, ba kwastoma ba hayaniya, ga wanda harshensa bai faɗa ba tukuna ni ina ganin ya fi masa. Akwai kuma masu jera kaya da gyara farashi, a Home Depot MET ake ce musu, galibi Litinin zuwa Juma'a suke yi da sassafe kuma awanninsu ba sa yawan canzawa, mai iyali ya sa ido a kan wannan. In kuwa ka taɓa aikin famfo ko wayarin ko kafinta a gida, ka faɗa da bakinka a intabiyu, kada ka ce ai yabon kai jahilci ne, nan in ba ka yabi kanka ba ba mai yi maka. Sai dai ka san za ka sake koyo, gidajensu da katako ake ginawa, wutarsu 120 ce ba 220 ba, awo kuma inci ne da ƙafa, katakon da ake ce wa tu-bai-fo ma in ka auna inci 1.5 ne da 3.5.

Kuɗi. A farkon 2023 Home Depot ya sanar da ƙarin dala biliyan 1 a albashin masu aikin awa, ya ce ba inda za a fara da ƙasa da dala 15 a awa. Mafi ƙarancin albashi na tarayya kuwa tun 2009 yana nan a dala 7.25, jihohi irin su New York da California ne suka ɗaga nasu sama sosai. Kada ka yi lissafi da naira ko sefa ka ruɗe. Yawanci rabin lokaci ake fara ɗaukar mutum, a ce awa 25 a mako, dala 375 kenan, bayan mako biyu 750, a cire kashi 7.65 na fansho da lafiyar tsofaffi, a cire harajin tarayya da na jiha in jiharku tana karɓa, abin da zai rage ka je ka gwada shi da kuɗin haya. Kuma awannin ba tsayayyu ba ne, a watan Afrilu za su cika ka da aiki har ka gaji, Janairu na zuwa sai ka buɗe manhaja ka ga kwana biyu kawai aka ba ka a mako. Shi ya sa tun watan farko ka gaya wa manaja kana son cikakken lokaci, ka riƙa duba guraben cikin gida kana nema, don inshorar asibiti ta sosai tana wajen masu cikakken lokaci ne. Wanda kuma aka ɗauka na wucin gadi ya tambaya tun wuri yaushe wa'adin zai ƙare kuma me ake dubawa kafin a riƙe mutum.

Duk awar da ta haura 40 a mako ɗaya doka ta ce a biya ta ɗaya da rabi, mai dala 15 ya koma 22.50, dokar tun 1938 take. Kuma haramun ne a sa ka aiki bayan ka buga fita. Wannan yana yawan faruwa ba tare da kowa ya nufi cuta ba, ka buga kati ka nufi ƙofa afron yana wuyanka sai wata tsohuwa ta tare ka tana neman ƙusa, kai kuma da tarbiyyarka ba za ka iya wuce ta ba sai ka ɓata minti 20 a banza. Maganinsa ka cire afron kafin ka fito daga ɗakin hutu. Ka kuma riƙa rubuta lokacin shigarka da fitarka a waya kullum, ranar biya ka gwada da takardar albashi. Home Depot da can yana zagaye lokaci zuwa kwata ɗin awa mafi kusa, bayan ƙarar da aka kai shi a California ya koma biya minti da minti a Janairun 2023, kaga ashe lissafin mintin ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai ɗan abin da ake samu bayan albashi da mutanenmu suke bari ya wuce su. Home Depot yana raba garaɓasa sau biyu a shekara in shagonku ya kai cinikin da aka yanka masa, suna kiranta Success Sharing, amma ba ya yi wa ma'aikaci ragi a kayan shago, Lowe's ne yake rage kashi 10. Akwai asusun fansho na 401(k) wanda kamfani yake ɗora maka wani abu a kan abin da ka zuba, akwai sayen hannun jarin kamfanin da rangwame, akwai taimakon kuɗin makaranta, sannan Home Depot yana da Homer Fund tun 1999 mai agaza wa ma'aikacin da gobara ko rasuwa ko ciwo ya faɗa wa. Duk sai ka nema. Ba wanda zai biyo ka da su.

Yanzu sallah, wadda ita ce aka fi tambayata a kai. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa kamfani ya sassauta wa ma'aikaci a kan addininsa matuƙar abin bai zame masa babban nauyi ba. A 2015 Kotun Ƙoli ta ba Samantha Elauf gaskiya a kan shagon tufafi na Abercrombie da ya ƙi ɗaukarta saboda ɗankwali, a 2023 kuma a shari'ar Groff, wani Kirista ma'aikacin gidan waya da ya ƙi aikin Lahadi, kotun ta ce ɗan ƙaramin wahala bai isa hujja ba, sai kamfani ya nuna asara ta gaske. Saboda haka hijabinki 'yar'uwa, gemunka, hularka, minti goman sallarka, duk akwai doka a bayansu. Amma dokar ba ta aiki sai ka nema. Ka tura imel ko ka miƙa takarda gajeriya ga manajan shago da mai kula da ma'aikata, ka ce kai Musulmi ne, kana buƙatar minti 10 a lokaci kaza da kaza, kana son a daidaita hutunka da su, Juma'a kuma daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ka ajiye kwafi. Ka yi musu bayanin cewa lokacin yana motsawa, don a Disamba a New York magariba wajen 4:30 take yi, azahar da la'asar da magariba duk su faɗo cikin shif ɗaya, a Yuni kuma sai bayan 8. Abin da ba na so shi ne saɓewa bayan tulin katako a yi sallah a ɓoye kamar marar gaskiya, ga haɗarin motar ɗaga kaya, ga shi in aka neme ka ba a gan ka ba za a rubuta ka bar wurin aiki ne. Sallar idi ma ka nemi hutun tun da wata guda, ka ba su kwana biyu ka ce ɗaya daga ciki ne. Azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa daidai lokacin da ciniki yake tashi, ka roƙi shif ɗin safe ko a matsa hutun cin abincinka zuwa buɗa-baki.

Wani abu da ke damun wasu shi ne katin bashi. Kashiya da masu sayar da manyan kaya ana son su riƙa tallata katin shagon ga kowane kwastoma, ana ma ƙirga wa mutum nawa ya buɗe, katin kuma da kuɗin ruwa yake tafiya. Ni ba malami ba ne, ka tambayi limaminku, amma in zuciyarka ba ta kwanta ba gara ka nemi sashen dare ko jera kaya tun farko da a ce kana kan kanta kana ƙin yi ana rubuta maka gazawa.

Hutun cin abinci ya danganta da jiha, dokar tarayya ba ta tilasta shi ba, ta dai ce gajeren hutu na minti 5 zuwa 20 in an bayar a biya shi. California ta wajabta minti 30 in aiki ya wuce awa 5, Texas da Georgia ba su ce komai ba, can tsarin kamfani ne kawai.

Latti shi ne mai korar mutane a shiru. Maki ake tarawa, ka makara a rubuta, ka yi fashi a rubuta, in suka taru sai gargaɗi, daga gargaɗi sai sallama, kuma manajan da yake dariya da kai kullum shi zai sa hannu don kwamfuta ta riga ta ƙirga. Mafi muni shi ne ka ƙi zuwa kuma ba ka kira ba. Ko suna ake yi a gidanku ko rasuwa aka yi, ka kira lambar shago kafin lokacin shigarka, ka rubuta sunan wanda ya ɗauka. Kusan duk jihohin Amurka in ban da Montana kamfani yana iya sallamarka ba tare da dogon dalili ba, in dai ba don launinka ko addininka ko asalinka ko don ka kai ƙara ba ne. Mai shirin zuwa gida ganin iyaye ko Hajji ya san hutun shekarar farko ɗan kaɗan ne, ya nemi hutun da ba biya a rubuce kafin ya yanki tikiti. Dokar FMLA tana ba da mako 12 ba albashi saboda haihuwa ko ciwo mai tsanani naka ko na iyaye ko mata ko ɗa, amma sai ka cika wata 12 da awa 1,250.

Lafiyar jiki kuwa, shagon nan sito ne da kwastoma suke yawo a ciki, kaya jibge a sama har kusa da rufi. Motar ɗaga kaya ba a hawanta sai an horar da kai an ba ka lasisin cikin gida, ko da ka tuƙa tirela daga Legas zuwa Agadez, kuma in za a sauke kaya daga sama ana rufe layin da na bayansa, ga mai tuta yana gaba. Wanda ya tsallake wannan don sauri ana iya korarsa a ranar. Amma ka nemi lasisin, yana ƙara maka daraja kuma ko ka bar wurin kowane sito zai so ka. Ka sayi takalmi mai ƙarfe a baki mai taushin ciki, kankare za ka taka awa 8. Kaya mai nauyi ka kira wani ku kama, ba ragwanta ba ce. In ka ji ciwo, ko ɗan ƙugu ne ya amsa, ka gaya wa manaja a ranar a cike takarda, don inshorar raunin aiki ita ke biyan asibiti da wani ɓangare na albashi, jihohi da yawa kuma kwana 30 suka ba ka ka sanar. Namu sai ya shafa man zafi ya ce zai wuce, bayan wata biyu ya kasa sunkuyawa, a lokacin kuma a ce ina shaidar a nan ya samu.

Ɓarawo kuma kada ka bi shi. Na san jininmu, ana cewa ɓarawo ƙafa take tashi da kanta, toh nan ka riƙe ta. A Oktoban 2022 wani ɓarawo ya ture dattijo ma'aikacin Home Depot a Hillsborough ta North Carolina, bayan 'yan makonni ya rasu, a Afrilun 2023 aka harbe wani ma'aikacin tsaron kaya a Pleasanton ta California. A shekarar dai Lowe's ya kori wata mata 'yar shekara 68 a Georgia don ta riƙe kurar ɓarayi har suka kumbura mata ido, sai da jama'a suka yi ca aka mayar da ita. Ka kalli kamanninsa, ka gaya wa manaja, shikenan aikinka ya ƙare.

In wani ya matsa maka, ko sufabaiza ko abokin aiki, ana kwaikwayon maganarka ko ana jifanka da sunan ta'addanci ko kullum kai ake turawa aikin da kowa ya ƙi, ka fara da rubuta rana da lokaci da abin da aka ce da wanda yake wurin, a wayarka ba a na'urar kamfani ba. Ka kai wa manaja a rubuce, in bai motsa ba akwai layin ƙorafi na kamfani da lambarsa take manne a ɗakin hutu, in nan ma shiru sai EEOC, hukumar tarayya mai yaƙi da nuna wariya a wurin aiki, kyauta ce ba sai da lauya ba, amma kwana 180 ne wa'adin, wasu jihohin 300. Matsalar haɗari a wurin aiki ta OSHA ce, hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata, wanda aka hukunta don ya kai ƙara can kwana 30 kawai yake da shi na shigar da ƙorafi. Ƙungiyar ƙwadago babu ita a shagunan nan na Amurka, a Nuwamban 2022 ma'aikatan wani Home Depot a Philadelphia sun gwada, aka kaɗa ƙuri'a 165 suka ƙi 51 suka yarda. Duk da haka dokar ƙwadago ta tarayya ta 1935 ta ba ku damar tattauna albashinku da yanayin aikinku a tsakaninku, wanda ya ce maka an hana faɗin nawa ake biyanka bai faɗi daidai ba, kuma ta hirar nan ce za ka gane ko wanda ya shigo bayanka ya fi ka dala ɗaya.

'Yan kwangilar da suke cika shagon tun 6 na safe ka riƙa gaisawa da su kana riƙe sunayensu, masu fenti ne da masu tayil da masu gyaran wuta, wurinsu za ka ji nawa ake biyan mai sana'a a garin da inda ake koyonta. Sai dai kada ka karɓi aikin gefe ko tukwici daga kwastoma kana cikin afron, tsarin kamfani ya hana. Ranar da ka samu abin da ya fi, ka ba su sanarwar mako biyu a rubuce ka kuma yi kwanakin har ƙarshe, don fayil ɗinka ya nuna ana iya sake ɗaukarka, kuma ka tabbatar adireshinka daidai yake a wurinsu saboda takardar W-2 mai nuna albashinka na shekara da harajin da aka cire, wadda za su aiko kafin ƙarshen Janairu, da ita za ka cike haraji kafin 15 ga Afrilu.